Masu Ɗaukar Ma'aikata da Harshen da Ba Su Ji

A watan Yulin 2020, Sebastián Ramírez, wanda ya ƙirƙiro FastAPI, ya ci karo da tallar wani aiki da ke neman mai gogewar aƙalla shekara huɗu a kan FastAPI ɗin. Shi kansa bai cika sharaɗin ba, domin shekara ɗaya da rabi ke nan da ƙirƙirarta. An sha dariya a Twitter, amma cutar ta girmi intanet nesa ba kusa ba.

Tun a shekarun 1950 kamfanonin Amurka suka tsinci kansu suna neman masu rubuta wa kwamfuta umarni, alhali manajojin da za su tantance su ba su san ko alif a sana'ar ba. A 1955 IBM ya fito da jarrabawar gwada baiwa, mai ɗauke da jerin lambobi, siffofi da ƙananan lissafai. Babu layin manhaja ko ɗaya a cikinta, amma ta karɓu, saboda ko wanda bai taɓa kwamfuta ba zai iya ba da maki.

Abin ya fi muni a kamfanin System Development Corporation da ke Kalifoniya, wanda ke rubuta manhajar SAGE, tsarin tsaron sararin samaniyar Amurka a zamanin yaƙin cacar baka. Masana halayyar ɗan Adam biyu, William Cannon da Dallis Perry, suka nazarci masu rubuta manhaja 1,378, akasarinsu maza. A 1966 suka bayyana cewa waɗannan mutane na son warware matsaloli masu sarƙaƙiya, kuma ba su damu da cuɗanya da jama'a ba. Masu ɗaukar aiki suka riƙe wannan siffa tamkar ma'auni. Masanin tarihi Nathan Ensmenger ya nuna cewa da haka aka riƙa tace irin mutumin da binciken ya zana, sannan a juyo a ce ai haka 'yan sana'ar suke. Mata, waɗanda su ne suka fara sarrafa na'urar ENIAC, na cikin waɗanda rariyar ta zubar.

Daga baya Microsoft ya shahara da tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, irin su dalilin da ya sa murfin magudanar titi yake da'ira. Google ya bi sahu, har sai da shugaban sashen ma'aikatansa, Laszlo Bock, ya amsa a 2013 cewa ɓata lokaci ne.

Gwajin da ya fi kusa da gaskiya shi ne mafi ƙanƙanta. A 2007 Imran Ghory ya gabatar da FizzBuzz: a buga lambobi daga 1 zuwa 100, a sauya waɗanda ke rabuwa da uku ko biyar da kalma. Ta nan ne jami'in ɗaukar aiki da ya zauna koyon Python kan fara. Sati kaɗan ba za su mayar da shi injiniya ba. Sai dai zai gane cewa Java da JavaScript suna kawai ya haɗa su, zai iya buɗe shafin GitHub na mai neman aiki ya ga abin da ya gina, kuma ya ɗanɗani takaicin yini guda da ya tafi wajen neman alamar rubutu ɗaya da ta ɓace.