Tsibirin Ikko: Garin Da Kwalekwale Ya Kafa Kafin Jirgin Bature

Iyayenmu da suka fara saukowa Kudu fataucin goro da shanu ba Legas suke cewa ba, Ikko suke cewa. Har gobe in ka shiga ƙauyukan Kano da Katsina za ka ji tsohuwa ta ce ɗanta yana Ikko. Kalmar Eko ce ta 'yan ƙasa harshenmu ya lanƙwasa. Legas kuwa daga bakin Turawan Fotugal ta fito, ma'anarta tafkuna. Akwai ma suna na uku da ya ɓace, Onim, wanda masu jiragen bayi na Barazil ke rubutawa a takardunsu. Da yawanmu mun shekara ashirin ko talatin muna hawa gada zuwa Idumota sarin kaya, ba mu taɓa tambayar yadda aka yi ɗan tsibirin nan ya zama abin da ya zama ba. To amsar tana cikin ruwan da ke ƙarƙashin gadar.

Ruwan Ikko biyu ne. Akwai teku a gaba, Yarabawa na kiranta Okun. Akwai kuma tafkin baya, Osa, wanda kogin Ogun ke zuba a cikinsa. Shi wannan na bayan kwantacce ne, kuma ya sarƙe da wasu tafkuna da rafuka, har mutum zai iya tasowa daga Porto-Novo a kwalekwale, ya bi ta Badagry da Ikko da Epe, ya doshi ƙasar Bini, bai taɓa ruwan teku ba. A duk tsawon wannan gaɓa, ƙofar da ke buɗe tsakanin ruwan biyu rani da damina ita ce ta Ikko. Sai dai ƙofa ce mai mugun hali. Yashi ne jibge a bakinta, yau yana nan gobe ya matsa, igiyar teku na fashewa a kansa. Saboda haka mutanen wurin suka ba teku baya, suka yi rayuwarsu a tafki. Kasuwa a ruwa, yaƙi a ruwa, da manyan kwalekwale na gungumen itace ɗaya, wasu na ɗaukar mutum hamsin ko fiye.

Kada wani ya ce wannan sana'ar mutanen Kudu ce kaɗai. Jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa tonowa a Afirka a Arewa aka same shi, a Dufuna ta Jihar Yobe ta yau, lokacin da wani Bafulatani makiyayi ke haƙa rijiya a 1987. Tsawonsa ya ɗara mita 8, kuma awon masana ya ba shi kimanin shekara 8,000.

Mu fara da riwayar Awori, su ne masu ƙasa. Sun ce kakansu Ogunfunminire, mai sarautar Olofin, daga Ile-Ife ya fito. Aka ba shi kasko, aka ce ya ɗora a kan kogi ya bi shi, duk inda ya nutse nan ne mazauninsa. Kasko ya yi ta tafiya a kogin Ogun yana tsayawa yana wucewa, har ya daɗe a Isheri, wato nan kusa da kasuwar shanu ta Kara da muka sani. Wasu suka zauna nan, saura suka bi shi zuwa Iddo, daga ƙarshe ya nutse a wajajen Idumota. Da aka tambaya ina kasko, aka ce "awo ri", kasko ya nutse, shi ne asalin sunan Awori. Riwayar ta ci gaba da cewa wani ɗan Olofin, masunci mai suna Aromire, shi ya fara haurawa tsibirin ya yi gonar barkono. Fadar Oba ta yau, Iga Idunganran, an ce a kan wannan gona take, sunanta ma abin da yake nufi ke nan.

Ni dai ba na cewa kowa ya gaskata kaskon da ke zaɓa wa mutane gari. Amma ba na raina labarin, don mu ma muna da Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu. In ka ajiye kaskon gefe, hanyar da labarin ya zana gaskiya ce: daga tudu, bin kogin Ogun, zuwa bakin tafki, sannan tsibiri. Kuma yana da aiki har yau. 'Ya'yan Olofin su ne Idejo, hakimai masu farar hula irin su Aromire da Oniru da Oloto da Elegushi, kuma iƙirarinsu na mallakar ƙasa a kan wannan silsila ya dogara. Duk wanda ya taɓa neman fili a garin nan ya san maganar ba ta tatsuniya ba ce.

Daga teku kuwa, baƙon farko da aka rubuta sunansa shi ne Rui de Sequeira, mutumin Fotugal, a 1472. Ya kira ruwan Lago de Curamo, kuma sunan bai mutu ba, ga Kuramo nan a Victoria Island. Su mutanen Fotugal hanyar zinariya da ta Indiya suke nema, suna bin gaɓar Afirka sannu a hankali, shekara bayan shekara. A ƙasarsu ma akwai wani garin bakin teku mai suna Lagos, inda a 1444 aka sauke 'yan Afirka sama da 200 aka raba su kamar dabbobi. Amma Ikko ba ta burge su ba. Wani matuƙinsu, Duarte Pacheco Pereira, ya rubuta littafin hanyoyin teku a farkon shekarun 1500. Ya gargaɗi matuƙa a kan hatsarin ƙofar, ya ce sai ƙananan jirage. Bai ambaci wani gari a tsibirin ba. Abin da ya ja hankalinsa shi ne wani babban birni a can ciki, Ijebu, wanda ya ce wani ƙaton rami ya kewaye shi.

Wannan rami yana nan, kuma shi ne babbar shaidar da ƙasa ta ajiye mana a yankin. Sunansa Sungbo Eredo. Ganuwa ce da gwalalo, tsawonta kimanin kilomita 160, ta zagaye ƙasar Ijebu, tana farawa ba nisa da Epe. A wasu wurare daga gindin ramin zuwa kan ganuwar ya kai mita 20. Ku da kuka san badalar Kano ku kwatanta. Mutanen wurin na cewa wata attajira ce marar haihuwa, Bilikisu Sungbo, ta sa aka haƙa don a riƙa tunawa da ita, kuma akwai kabarin da ake dangantawa da ita a Oke-Eri ana ziyarta. Wasu har cewa suke ita ce Bilkisu sarauniyar Saba. A nan kam dole in yi magana. Sarauniyar da Suratun Namli ta ba da labarinta a Yaman take, zamanin Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Awon da aka yi wa Eredo a ƙarshen shekarun 1990 ya ba da wajen shekara 1,000, binciken baya-bayan nan ma ya matso da shi wajen shekara 600. Ko wanne ka ɗauka, tsakaninsa da Annabi Sulaiman ya haura shekara 1,500. Suna ne ya zo ɗaya. Kuma ban ga abin da zai rage wa Ijebu ba in aka ce kakanninsu ne suka yi wannan aiki da fartanya da kwando.

Sai Bini suka shigo, su ma ta ruwan baya. Riwayarsu ta ce Oba Orhogbua ne ya kafa sansanin yaƙi a tsibirin a ƙarni na 16, kuma "eko" a harshensu sansani ke nan. Awori suka ce a'a, daga "oko" ne, wato gona. A nan muna da shaidar ido. Wani likita Bajamushe, Andreas Ulsheimer, ya zo a jirgin mutanen Holan a 1603. Ya tarar da gari mai shinge cike da sojojin Sarkin Bini ƙarƙashin jarumai huɗu, 'yan kasuwa na zuwa ta ruwa da ta tudu da saƙaƙƙen tufafi. Gidan sarautar Ikko daga Ashipa ya faro, wanda aka ce ya kai gawar wani jarumin Bini gida, Sarkin Bini ya saka masa da riƙon garin. Ko shi Ashipa ɗan Isheri ne ko jinin Bini, har yau ana ta ja-in-ja a jaridu. Shawarata ga matasanmu masu rubuce-rubuce a Facebook, wannan rigimar masu gida ce. A karanta don sani, kada a tsoma baki.

To mu fa, yaushe muka shigo? Amsar ba daɗi. Daga wajen shekarun 1760, zamanin Oba Akinsemoyin, masu sayen bayi na Fotugal da Barazil suka samu gindin zama a Ikko. Jiragensu ba su iya shiga ƙofar, sai su tsaya a teku, ƙwararrun matuƙan kwalekwale da ake ɗaukowa haya daga gaɓar Gana ta yau su riƙa fito da mutane ta cikin igiyar nan. Zuwa farkon ƙarni na 19 Ikko ta zama babbar tashar bayi a duk wannan gaɓa. Yaƙe-yaƙen Arewa da rushewar daular Oyo suka riƙa turo kamammu Kudu, cikinsu har da Hausawa da Nufawa da Barebari, wasu almajirai, wasu malamai. Bahaushen farko da ya ga tekun Ikko, akwai yiwuwar da igiya a wuya ya gan ta. Kuma a faɗi gaskiya, hannun da ya kama shi tun farko ba na Bature ba ne.

Waɗannan bayin Allah ba su kwanta ba. A Bahia ta Barazil hukuma ta gano shirin tawayen Hausawa a 1807, aka yi wani a 1809, aka sake a 1814. A Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, Musulmi suka yi babban tawayen da ake kira na Male, mafi yawansu Yarabawa tare da wasu Hausawa. A jikin waɗanda aka kashe an samu layu da takardu da rubutun Larabci. Bayan nan ne wasu 'yantattu suka riƙa dawowa ta teku, su ne Aguda na unguwar Popo Aguda. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, maginin da ya jagoranci aikinsa daga cikinsu yake.

Ingila ta zo da igwa a 1851. Harin farko a Nuwamba Oba Kosoko ya kore su. Suka dawo a ƙarshen Disamba suka yi wa garin ruwan wuta, abin da 'yan ƙasa ke kira yaƙin Agidingbi saboda rugugin igwa. Kosoko ya gudu Epe, ta tafki mana, Musulmi da yawa suka bi shi. A Agustan 1861 aka sa Oba Dosunmu ya miƙa garin. A 1863 John Glover ya haɗa 'yar rundunar Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, kuma daga wannan runduna Sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa. Tsohuwar alaƙarmu da Obalende ta wannan aikin soja ce.

Goro shi ya mayar da mu matafiyan teku da ƙafarmu. Da can ayari ke tafiya Gwanja, wata da watanni a kan jakuna, ana biyan fito da kuɗin hanya gari-gari. Da Turawa suka ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka gano cewa a loda huhun goro a jirgin tururi daga Accra ko Sekondi zuwa Ikko ya fi sauri, kuma goro ba ya son daɗewa a hanya. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi arziki ta wannan hanya a farkon ƙarni na 20, kafin ya shiga gyaɗa. Ko a lokacin, ƙofar Ikko ba ta daina halinta ba. Manyan jirage sai dai su tsaya a waje, ko su wuce Forcados a juye kaya cikin ƙanana. Sai a 1908 aka fara gina katangun dutse guda biyu da suka kutsa cikin teku, ana kawo duwatsun a jirgin ƙasa daga wajen Abeokuta, ana kuma yashe bakin. A 1914 babban jirgin wasiƙu ya shiga tashar Ikko karon farko, shekara 442 bayan Sequeira. Katangun nan suka tare yashin da igiya ke kawowa daga yamma, shi ya sa teku ta yi ta cin Bar Beach shekara da shekaru, har ta kai ga cikon da ake kira Eko Atlantic.

Hanyar tekun goro ba ta yi tsawon rai ba. Dogo ya isa Kano a 1911. Manoman Agege da kewaye suka dasa irin goron Gwanja a gonakinsu, ya kuwa karɓi ƙasar. Cikin 'yan shekaru ba ka bukatar Accra, ba ka ma bukatar shiga tsibiri. Ka sauka a tashar Agege, ka sami mai masauki a Zango, a ɗaure maka huhu a ganye, a loda a tarago sai Kano.