Ɓera Mai Wutsiyar Kurege: Danginsa Da Sunansa A Kimiyyance

Akwai wani ɗan ƙaramin ɓera mai manyan idanu da wutsiya mai gashi buzu-buzu kamar ta kurege. Da dare yake fitowa, yana kwana a kogon itace ko cikin jinkar ɗaki. Gonakin arewacin Jihar Kano, masu yalwar kuka da tsamiya da ɗorawa, suna cikin yankin da ake samunsa.

Masana ilmin dabbobi ba su haɗa shi dangi ɗaya da ɓeran gida ba. Sun sanya shi a dangin Gliridae, wanda ke da 'yan'uwa a Turai da Asiya. Na ƙasashen kudu da Sahara duk suna ƙarƙashin rukunin Graphiurus, sunan da aka raɗa a 1832 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin burushi da wutsiya. Rukunin yana da jinsi kimanin 15.

Jinsin ƙasarmu shi ne Graphiurus kelleni, wanda Reuvens ya bayyana a 1890. Daga baya an yi ta ba shi sababbin sunaye, kamar foxi a Najeriya da olga a Azbin. Da aka gwada samfuran sai aka mayar da su jinsi ɗaya, aka bar sunan da ya rigaya, kamar yadda ƙa'ida ta tanada.

Ya kamata malaman gona da jami'an lafiya su bambanta shi da Mastomys natalensis, ɓeran da ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda wutsiyarsa kusan ba ta da gashi. Shi wannan mai wutsiyar kurege ƙwari da 'ya'yan itatuwa ne yawancin abincinsa.