Mas'alar Zaɓen Madubin Gefe ga Motar da Ke Jan Tirela: Nazari daga Dichemso, Kumasi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bahasi a kan ƙarin madubin da ya wajaba ga ƙaramar mota idan tana jan abin da ya fi ta faɗi. Sakamakon shi ne, tsawon mariƙin madubi shi ne rukuni na farko, ƙarfinsa na biyu, doron gilashi kuwa na ƙarshe.

Gabatarwa

Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga shataletalen filin jirgin sama ta bi ta Dichemso da Krofrom ta nufi Suame, inda makanikai da masu walda suka yi sansani, ya saba ganin mota tana jan ƙaramar tirela da aka loda wa rumfunan biki da kujeru, ko injin wuta, ko kuwa tana jan 'yar'uwarta da ta lalace, alhali babura da aboboyaa, wato masu ƙafa uku na ɗaukar kaya, suna kutsawa ta kowane gefe. Tun ranar 4 ga Agusta, 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka direba yana zaune a hagu, gefen dama kuwa, inda masu tafiya a ƙasa suka fi yawa, shi ne mafi nisa daga idonsa.

Ra'ayoyin da suka gabata

Ƙa'ida ta 46 ta hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sharɗanta cewa madubin gefe ya nuna wa direba fili mai faɗin mita 4 a nisan mita 20 bayansa, kuma da wannan ma'auni ake binciken masu jan ɗakin kwana na tafi-da-gidanka a Ingila. Ba mu da jayayya da wannan.

Jayayyarmu tana tare da ra'ayin da ya yaɗu a tsakanin direbobi da masu sayar da kayan mota, cewa ɗan ƙaramin madubin nan zagayayye mai doro, wanda ake manna shi a kusurwar madubin asali, ya wadatar, tunda a faɗarsu yana ɗebo hanya duka. Wasu kuma suna cewa muddin yaron mota yana leƙe ta taga yana buga ƙofa, to, babu buƙatar wani ƙari. Hujja ta biyu ba ta da ƙarfin da za a daɗe a kanta, domin yaro gefe ɗaya yake gani, kuma kafin maganarsa ta iso kunne har ƙafa ta taka birki, mota ta ci tafiya. Ta farko ce ke buƙatar raddi, domin tana da kamar gaskiya.

Hanyar bincike

An lura da motocin da ke bin wannan hanya, an saurari direbobi, sa'an nan aka yi ƙiyasi da hisabin handasa a kan misali guda.

Sakamako

Tun ƙarni na 11 Ibn al-Haisam ya tabbatar a Kitabul Manazir cewa haske a miƙe yake tafiya daga abin gani zuwa ido, ya kuma yi dogon sharhi a kan madubi mai doro. Abin da ke biyo bayan wannan asali shi ne, babu wani madubi, kome lanƙwasarsa, da zai nuna abin da wani jiki ya shiga tsakaninsa da shi.

A ɗauki mota mai faɗin mita 1.8 tana jan tirela mai faɗin mita 2.5. Tirela ta zarce jikin mota da santimita 35 a kowane gefe. Idan tsakiyar madubin asali tana santimita 10 daga jikin mota, to, kusurwar gaban tirela ta fi ta fitowa waje da santimita 25, kuma idan tsakaninsu mita 4 ne, layin gani dole ya kauce wa wannan kusurwa, yana ƙara nisanta daga gefen tirela gwargwadon yadda ya yi baya, har ya zama a nisan mita 20 akwai zirin hanya mai faɗin mita 1 wanda direba ba ya ganin kome a cikinsa. Babur da mahayinsa da wanda ya goya duk suna shiga cikin wannan ziri su ɓace, kuma nan ne daidai inda mai babur yake bi idan ya yi niyyar wucewa. Manna madubi mai doro a wuri guda bai rage wannan ziri ko da taƙi ɗaya ba. Gefen waje kawai yake buɗewa, wato inda da ma ana gani. Magani ɗaya ne: a fitar da gilashin har ya zarce gefen tirela, ta yadda direba, yana zaune yadda ya saba, zai ga jikinta tun daga kusurwar gaba har ta baya.

Doro kuma yana da tasa illa. Gilashin da lanƙwasarsa ta yi daidai da da'ira mai rabin faɗi milimita 1,200, wanda shi ne iyakar da Ƙa'ida ta 46 ta yarda wa babban madubi, idan yana nisan mita 1.4 daga ido, kamar na hannun dama, motar da ke nesa ba ta kai sulusin girman da shafaffen gilashi zai nuna ta ba, sai direba ya zaci tana da nisa alhali ta ƙarato. Ya kamata shafaffe ya zama abin auna nisa, mai doro ya zama mataimaki.

Amma dogon mariƙi, in an ɗaure shi da roba ko waya, da zarar an shiga gargada sai ya kama rawa, hoto ya dagule kamar fuska a cikin ruwan da aka jefa wa dutse. Mariƙin ƙarfe mai maɗauri biyu, wanda ake iya kwancewa idan an sauke tirela, shi ya fi, kuma masu waldar Suame ba za su kasa ƙera shi ba.

Iyakar bincike

Gaskiya ne an gina hisabin a kan miƙaƙƙiyar hanya da awo guda, kuma a kan kwana lamarin yana sauyawa. Sai dai sauyin ƙara muni yake yi, saboda haka bai taɓa hukuncin ba.

Hukunci

Muna kira ga hukumar lasisin direbobi da motoci ta Gana, wato DVLA, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi na Kumasi da su mai da wannan sharaɗi: kada mota ta ja abin da ya fi ta faɗi sai direba ya nuna yana ganin kusurwar baya ta tirela a madubi na hagu da na dama.