Baƙin Ƙasan Ido Na Gado Da Hanyoyin Kula Da Shi

Gabatarwa

Baƙin ƙasan ido shi ne duhun da ke bayyana a fatar da ke ƙarƙashin ido, wani lokaci ma ya zagaye idon gaba ɗaya har zuwa gira. Ana samunsa ga maza da mata, yara da manya. Ba ya ciwo, ba ya rage gani, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. An ga dacewar yi wa jama'a wannan bayani ne saboda yadda mutane da dama, musamman 'yan mata da amare, ke shafa mayuka masu haɗari a kusa da idanunsu domin kawar da shi, har ta kai ga maganin ya yi ɓarnar da baƙin bai taɓa yi ba.

Yadda baƙin yake samuwa

Fatar da ke kewaye da ido tana daga cikin mafi rashin kauri a jikin ɗan Adam, domin kaurinta bai wuce kimanin rabin milimita ba. Saboda haka duk abin da ke ƙarƙashinta yakan nuna a waje. Likitocin fata sun kasa wannan baƙi gida uku. Akwai wanda ke faruwa saboda yawan sinadarin melanin, wato sinadarin da ke bai wa fata launinta, kuma shi ne aka fi samu ga baƙar fata. Akwai wanda ƙananan jijiyoyin jini ne ke nunawa ta cikin fata, sai wurin ya yi kamar shuɗi ko algashi, an fi lura da shi ga masu hasken fata. Na uku kuwa inuwa ce kawai: ƙirar ƙashin fuskar mutum ta sa idonsa ya yi kwarmi, ko kuma naman wurin ya ragu saboda shekaru ko rama, sai haske ya riƙa barin inuwa a cikin kwarmin. Mutane da yawa suna da biyu ko duka ukun a haɗe.

Mutum zai iya gwada kansa a gaban madubi da rana. A sa yatsa mai tsabta a ja fatar ƙasan ido a hankali zuwa gefe. Idan duhun ya ɓace, inuwa ce. Idan launin ya tsaya yadda yake, melanin ne. Idan ya ƙara yin shuɗi, jijiyoyin jini ne. Wannan gwaji yana da amfani, domin babu man shafawar da ke cike kwarmin ido, kuma duk kuɗin da mai inuwa zai kashe a kan man hasken fata asara ce.

Batun gado

Yawan melanin a wannan wuri, da kaurin fata, da ƙirar ƙashin fuska duk abubuwa ne da ake gada daga iyaye. A shekarar 1969 wasu likitoci biyu, Goodman da Belcher, sun wallafa bayanin wata zuri'a da aka samu mutum 22 masu wannan baƙi a cikinta, daga kakanni zuwa jikoki har hawa shida. Alamar na gado ita ce yakan soma tun ƙuruciya, yakan kama idanu biyu daidai wa daida, yana ƙaruwa a hankali yayin da shekaru ke tafiya, kuma in an duba dangi za a ga uwa ko uba, goggo ko kawu mai irinsa.

Ya kamata a fahimci cewa baƙin gado ba ya gushewa gaba ɗaya. Kulawa tana rage shi, tana kuma hana shi ƙaruwa, amma da an saki kulawar sai ya koma yadda yake. Duk mai sayar da man da ya yi alkawarin goge shi cikin kwana bakwai, to ko dai man ba ya aiki, ko kuma akwai wani abu mai ƙarfi a cikinsa da bai faɗa ba.

Abubuwan da ke ƙara shi

Zafin rana yana sa fata ta ƙara samar da melanin, kuma manoma da makiyaya da masu talla su ne suka fi shan ranar. Sai kuma sosa ido. A lokacin hunturu, ƙura da hayaƙin murhu suna jawo ƙaiƙayin ido da atishawa, mutum ya yi ta murza idonsa, ita kuwa baƙar fata duk inda ta sha murza ko kumburi takan bar tabo mai duhu. Yaran da ke fama da ƙaiƙayin ido na shekara-shekara sukan sami wannan baƙi, har farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, kuma maganinsu yana wurin ma'aikacin lafiyar ido. Rashin isasshen barci, shan taba, ƙarancin ruwa a jiki da ƙarancin jini duk suna sa duhun ya ƙara fitowa fili, ko da yake ba su ne tushensa ba ga wanda ya gada.

Kulawar da ke da amfani

Matakin farko shi ne kare wurin daga rana. Malafa mai faɗi, lema da tabarau mai kare hasken rana suna yin aiki sosai, kuma ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Wanda yake da hali ya nemi man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko fiye, ya shafa kowace safiya, ya sake shafawa idan ya yi gumi ko ya wanke fuska. Ana yawan cewa baƙar fata ba ta buƙatar wannan mai, amma a batun tabo da duhu ita ce ma ta fi buƙatarsa.

A wanke fuska da sabulu marar kaifi, a tsane ta da ƙyalle mai laushi ba tare da gogawa ba. A lokacin sanyi a shafa man kaɗanya mai tsabta ko basilin kaɗan domin hana bushewa da ƙaiƙayi. Waɗannan ba sa haska fata, amma fatar da ba ta bushe ba ba ta jawo susa. Ƙyallen da aka jiƙa da ruwan randa mai sanyi, a ɗora a kan ido na kamar minti goma, yana rage kumburin safe kuma yana tsuke jijiyoyin jini na ɗan lokaci. Ɗaga kai da matashi yayin barci da rage gishiri a abincin dare suna taimakawa wajen kumburin.

Daga cikin mayukan da ake sayarwa a manyan shagunan magani, waɗanda ke ɗauke da bitamin C, ko nayasinamaid, ko asid azelayik suna rage melanin sannu a hankali. Masu ɗauke da kafeyin sun fi dacewa da nau'in jijiyoyin jini. Retinol yana ƙara wa fata kauri bayan watanni, amma yana iya jawo raɗaɗi da saɓa, don haka ana soma shi sau biyu a mako, da dare, kuma mace mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da shi. Ko wane mai ne, a fara gwada shi a bayan kunne na kwana biyu ko uku. A ɗebi abin da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, a ɗiɗɗiga shi a kan ƙashin da ke ƙasan ido, nesa da gashin ido. Fata tana ɗaukar kimanin mako huɗu kafin ta sabunta kanta, saboda haka sai an yi mako takwas zuwa goma sha biyu kafin a yanke hukuncin ko man ya yi aiki. Hoda mai dacewa da launin fata tana rufe abin da ya rage, kuma babu laifi a cikin hakan matuƙar an wanke ta kafin barci.

A manyan birane ana yin allurar cike kwarmin ido da kuma aikin hasken lesa. Waɗannan aikin ƙwararren likita ne kaɗai, suna da tsada, kuma lesa na iya barin baƙar fata da tabon da ya fi na farko.

Haɗarin man bilicin

Hukumar Lafiya ta Duniya, a wata takarda da ta fitar a 2011, ta ruwaito cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Dokar hukumar ta 2019 ta haramta sa zaiba da magungunan sitiroyid a cikin kayan kwalliya, ta kuma hana haidirokwinon ya wuce kashi 2 cikin ɗari.

Kowanne daga cikin ukun yana da irin ɓarnarsa. Haidirokwinon, idan an daɗe ana shafa shi, yana haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da gefen ido, wanda ke da matuƙar wuyar magani. An yi cikakken bayaninsa a Afirka ta Kudu tun 1975. Wato mai neman rage baƙi sai ta wayi gari da baƙin da ya fi na gadon muni. Sitiroyid irin su kulobetasol da betametason suna haska fata cikin 'yan kwanaki, wannan ne ma ya sa ake son su, amma suna cinye kaurin fata, jijiyoyi su fito, ƙuraje da nankarwa su biyo baya. A kusa da ido kuwa suna iya jawo yanar ido da hawan jinin ido, cutar da ke cin gani a ɓoye, kuma ganin da ta ci ba ya dawowa. Zaiba tana shiga jini ta fata, tana lalata ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, tana kuma isa ga ɗan tayi da jariri mai shan nono.

Mafi haɗari shi ne haɗin da ake zubawa a roba marar suna, wanda wasu masu gyaran jikin amare da masu tallar kasuwar ƙauye ke sayarwa, domin sau da yawa mai haɗawar ma ba ta san adadin abin da ta zuba ba. Wanda ya daɗe yana shafa irin wannan haɗi ya je asibiti da robar a hannunsa kafin ya daina, saboda barin sitiroyid farat ɗaya yana sa fuska ta yi ja da raɗaɗi, abin da ke mayar da mutane da yawa ga man. Haka nan a guji ɗiga lemon tsami, man goge baki ko kanwa a ƙasan ido. Ƙuna suke yi, ƙunar kuma baƙi take bari.

Kwalli

Kwalli ado ne mai daraja a al'adarmu, amma in ya zazzago ya kwana a fata yana ƙara duhun wurin, gogewar da ake yi masa da ƙarfi kuma tana ƙara tabo. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, dutsen kwalli mai ƙyalli da ake niƙawa sau da yawa ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, suka gano cewa tushenta kwallin da aka kawo daga Najeriya ne, wanda aka auna aka ga fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Jama'ar Arewa ba su manta da yaran da gubar dalma ta hallaka a Zamfara a 2010 ba, ko da yake a can daga niƙan dutsen zinariya ta fito. Dalma tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce, don haka a nisantar da jarirai da ƙananan yara daga kwallin dutse.

Lokacin zuwa asibiti

A je cibiyar lafiya mafi kusa idan baƙin ya zo farat ɗaya, ko ya kama ido ɗaya kaɗai, ko ya zo da kasala, haki, jiri da farin cikin fatar ido, domin waɗannan alamun ƙarancin jini ne, kuma gwajin jini ne ke tabbatar da shi. Kumburin fuska da ƙafa na iya zama alamar ciwon ƙoda. Ga mai ciki, kumburin fuska tare da ciwon kai ko dishi-dishin gani yana buƙatar awon jini a ranar. Wanda idanunsa biyu suka yi baƙi bayan faɗuwa daga babur ko bugu a kai, a garzaya da shi asibiti ba tare da jira ba. Ana samun likitocin fata a asibitocin koyarwa, kamar na Aminu Kano da ke Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sannan akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Kira ga shugabannin al'umma

Ana roƙon hakimai, dagatai, masu unguwanni, limamai da shugabannin ƙungiyoyin mata da su isar da wannan bayani ga jama'arsu, musamman a lokacin bukukuwan aure bayan kaka, lokacin da cinikin haɗin amare ke ƙaruwa. Ma'aikatan lafiya a matakin farko su riƙa tambayar mata masu zuwa awon ciki irin man da suke shafawa. Duba-gari da shugabannin kasuwa su lura da mayukan da ba su da suna, da jerin abubuwan da aka haɗa su da su, da ranar lalacewa, da lambar rajistar NAFDAC. Idan an ci karo da irinsu, a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma ko ofishin NAFDAC na jiha, tare da samfurin man da sunan kasuwar da aka same shi.