Zambo da Zane: Dele Jegede da Makarantar Samaru

Tun kafin zuwan Turawa Hausawa sun san zambo da habaici, domin maroƙa da 'yan kama sukan faɗa wa manya abin da talaka ba ya iya furtawa. Zambo da zane kuwa baƙo ne, jarida ce ta kawo shi. Akinola Lasekan ne ya buɗe wannan fage a jaridar Azikiwe, West African Pilot, inda ya riƙa yi wa 'yan mulkin mallaka shaguɓe.

Samaru ma tana da nata rabo. A nan ne Dele Jegede, mutumin Ikere-Ekiti, ya koyi zane a Jami'ar Ahmadu Bello, ya gama a 1973. Da shekara ta kewayo ya zama editan zane na Daily Times a Ikko, sa'ad da soja ke mulki, kuɗin man fetur kuma suka ruɗa masu riƙe da ƙasa. Marubuci yakan ji tsoron a tsare shi, amma da wuya hukuma ta kama mutum don ya zana ƙaton tumbi, tun da wanda ya yi fushi ya amsa ke nan cewa da shi ake. Da wannan garkuwa Jegede ya riƙa zungurar manya da halin zaman birni, wani lokaci ma ta bakin yaron nan da ya ƙaga, Kole.