Sa Ido a kan Kuɗin Sabunta Injuna Masu Ƙwaƙwalwa: Tarihin Hukumar Haraji ta Amurka

A cikin wannan maƙala muna so mu bi diddigin yadda Majalisar Dokokin Amurka ta yi fama da hukumar tara haraji ta ƙasar, watau IRS, a kan kuɗin sabunta injunanta masu ƙwaƙwalwa. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, masu bincike sun daɗe suna ganin ɓarna kafin su sami ikon tsayar da ita.

Tun farkon shekarun 1960 hukumar ta tattara babban kundin masu biyan haraji a cibiyarta ta Martinsburg. A 1965 aka kafa dokar nan mai ɗauke da sunan Jack Brooks, ɗan majalisa daga Texas, wadda ta ɗora sayen injunan gwamnati a wuyan hukuma guda, ta kuma nemi a riƙa yin takara tsakanin 'yan kwangila. A ganinmu raunin dokar a fili yake. Ta kula da farashin inji da hanyar sayensa, amma ba ta tambayi ko injin zai yi aikin da aka saye shi dominsa ba. An ɗanɗana kuɗar haka a 1985, sa'ad da sababbin injuna suka rikice, musamman a Filadalfiya, takardu suka taru jibgi, mutane da dama suka yi ta jiran rarar kuɗinsu.

Daga nan ne aka shiga gagarumin shirin sabuntawa a 1986. Ofishin binciken kuɗi na Majalisa, wanda ake kira GAO, ya yi ta rubuta rahoto bayan rahoto, yana nuna cewa ana sayen sassa barkatai ba tare da cikakken tsarin da zai haɗa su ba. Tamkar a ɗora jinka kafin a tayar da bango. A 1995 ya sa shirin cikin jerin ayyuka masu babban haɗari. Amma fa rahoto shawara ce kawai, kuɗi kuwa suna ta fita. Kafin 1997 an kashe fiye da dala biliyan 3, har wani babban jami'in hukumar, Arthur Gross, ya amsa a bainar jama'a cewa abin da aka gina ba ya aiki.

A nan ne al'amarin ya sake salo. Dokar Clinger-Cohen ta 1996 ta soke ta Brooks, ta wajabta wa manyan hukumomi naɗa jami'in da zai ɗauki alhakin wannan fanni. Abin da ya fi wannan tasiri, Majalisa ta keɓe kuɗin sabuntawa a asusu na musamman, ba a taɓa su sai hukumar ta kawo tsarin kashewa, GAO ya duba, kwamitocin kasafi sun yarda. Watau dai bincike ya koma gaban biya, maimakon bayansa.

Kada mu zuzuta abin. Sabon shirin da aka ba kamfanin CSC kwangilarsa a 1998 shi ma ya sha jinkiri da ƙarin kuɗi, sai a 2013 GAO ya cire shi daga jerin haɗari. Ko a 2016, da ofishin ya lissafa tsofaffin na'urorin gwamnati, babban kundin nan na shekarun 1960 yana sahun gaba, yana kuma bakin aiki.