Wa Ke Ɗaukar Nauyin Jinya? Tarihin Tara Gudunmawa Domin Masu Cutar ALS a Gidajensu

Idan a gidanku akwai wanda likita ya tabbatar wa da cutar ALS, to ka riga ka san cewa yawancin jinyarta a ɗaki ake yi, dare da rana, a hannun mata ko miji ko 'ya'ya. Asibiti wurin zuwa ne a dawo. Juya majinyaci a kan gado, ciyar da shi, yi masa wanka da sauraren numfashinsa cikin dare, duk a kan iyali suke. Wataƙila ma ka taɓa jin nauyin buɗe baki ka nemi taimako. Tarihin wannan cuta zai nuna maka cewa waɗanda suka fi ka suna da dukiya sun nema kafin kai, kuma daga neman nasu ne aka gina yawancin tallafin da ake gani a yau.

Likitan nan na Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fara bayyana cutar a 1869 a asibitin Salpêtrière da ke birnin Faris, ya kuma raɗa mata suna a 1874. Cuta ce da ke kashe jijiyoyin da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsokoki. Sannu a hankali hannu da ƙafa su mutu, magana da haɗiya su gagara, daga ƙarshe numfashi ya raunana, alhali sau da yawa hankalin mutum na nan garau. Galibin masu ita kan rayu shekara 2 zuwa 5 bayan an gano ta. Fiye da shekara ɗari bayan Charcot ba a sami maganin da ke rage mata gudu ba, saboda haka duk abin da majinyaci ya samu na sauƙi, daga masu jinyarsa ya fito.

Duniya ta fara sanin cutar sosai a 1939, lokacin da aka gano ta a jikin Lou Gehrig, shahararren ɗan wasan besbol na ƙungiyar New York Yankees, wanda ya buga wasa 2,130 a jere ba fashi. Ya rasu a gidansa ranar 2 ga Yuni, 1941, yana ɗan shekara 37. Matarsa Eleanor, wadda ta yi jinyarsa, ta shafe sauran rayuwarta tana neman tallafi domin masu irin wannan ciwo, har ta jagoranci gangamin tara kuɗi na ƙungiyar MDA da aka kafa a 1950. Tun daga kanta aka ga abin da zai yi ta maimaituwa: wanda ya kwana a gefen gadon majinyaci shi ke fara fita neman agaji, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka aka yi a birnin Chikago a 1977, inda dangi da abokan wani ɗan kasuwa mai suna Les Turner suka kafa gidauniya da sunansa, suka riƙa tara kuɗi ta hanyar sayar da tsofaffin fayafayan kiɗa. A Birtaniya, inda ake kiran cutar MND, wasu 'yan sa-kai da ciwon ya shiga gidajensu suka kafa ƙungiyar MND a 1979. Ƙungiyar ALS ta Amurka ta biyo baya a 1985, sannan a 1992 ƙungiyoyin ƙasashe suka haɗu a inuwa guda. Ɗaya daga cikin ayyukansu mafi amfani shi ne rumbun aron kaya. Da yake cutar na saurin sauya buƙata, sandar da ta ishi mutum yau ba za ta ishe shi baɗi ba. Sai suka riƙa ajiye keken guragu, gadon jinya, abin ɗaga majinyaci da na'urar magana, a ba wannan gida aro, in sun gama a kai wa wancan.

Labarin Stephen Hawking, masanin kimiyyar sararin samaniya na Jami'ar Kambirij, ya isa misali. An gano cutar a jikinsa a 1963 yana ɗan shekara 21. A 1985 ciwon huhu ya kwantar da shi a Janiba, aka huda masa maƙogwaro domin ya yi numfashi, muryarsa ta tafi, ya koma buƙatar masu jinya awa 24. Hukumar lafiya ta ƙasarsa ta yarda ta ɗauki nauyinsa a gidan jinya, amma matarsa Jane ta dage sai dai ya zauna cikin iyalinsa. Ta yi ta rubuta wasiƙun neman agaji, har gidauniyar MacArthur ta Amurka ta amince ta biya masu jinyar. A gida ya kammala littafin da ya sa duniya ta san shi, ya kuma rayu har 2018.

Ci gaban likitanci bai rage wa gida nauyi ba. Maganin riluzole da aka amince da shi a 1995 'yan watanni kawai yake ƙarawa. A 2006 wani bincike a birnin Niyukasil na Ingila ya nuna cewa na'urar taimakon numfashi da ake ɗaurawa a fuska na ƙara wa marasa lafiya da yawa tsawon rai da ingancin barci. Bututun ciyarwa ta ciki shi ma ya rage wahalar haɗiya. Sai dai kowace na'ura na son wutar lantarki, gyara, da wanda zai tsaya a kanta.

A bazarar 2014 aka yi gangamin da ba a taɓa ganin irinsa ba, wato Ice Bucket Challenge, inda mutum zai kwarara wa kansa bokitin ruwan ƙanƙara, ya ba da gudunmawa, ya kira sunan wasu su ma su yi. Masu fama da cutar, Pete Frates da Pat Quinn, su suka yayata shi. An ɗora bidiyo fiye da miliyan 17 a Facebook, ƙungiyar ALS ta Amurka ta sami dala miliyan 115. Daga ciki an ware miliyan 77 domin bincike, miliyan 23 domin hidimar majinyata da al'umma. Kuɗin binciken bai tafi a banza ba, domin ya taimaka wajen gano ƙwayar halittar NEK1 a 2016. Amma a 2017 iyalin Frates suka bayyana cewa jinyarsa a gida na cin dala 85,000 zuwa 95,000 a wata, kuma ta fi ƙarfinsu. Sai da aka buɗe wani asusu na musamman da sunansa a jihar Masacusets domin biyan masu jinya a gidajen marasa lafiya. Ya rasu a Disambar 2019 yana ɗan shekara 34. Mutumin da ya tara wa duniya miliyoyi, shi ma sai da aka tara masa.

Me za ka ɗauka daga wannan tarihi? Da farko, kada ka bari sai ƙarfinka ya ƙare kafin ka yi magana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mai jinyar da ya faɗi ya bar majinyata biyu. Tambayi likita abin da za a buƙata nan da wata shida, ka fara nemansa tun yanzu. Sannan ka faɗi buƙata da sunanta: katifar da ke hana gyambon kwanciya, batirin da zai riƙe na'urar numfashi in an ɗauke wuta, ladan mai kwana da majinyaci sau uku a mako. Mutane sun fi sakin hannu ga abin da suka gane. Gudunmawar wata-wata, ko da kaɗan ce, ta fi ta rana ɗaya amfani, domin jinyar doguwa ce. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da lokaci, ya karɓi wuni guda mai jinya ya huta. A sa amintattu biyu su riƙe asusun, a rubuta shiga da fita, a riƙa sanar da waɗanda suka bayar.

Kafin a yaɗa hoto ko labarin majinyaci kuwa, a nemi yardarsa, ko da da ƙiftawar ido zai amsa, domin yana ji kuma yana fahimta. Ranar da aka daina amfani da keke ko gado, a miƙa shi ga wani gidan da ke jira, kamar yadda waɗancan iyalai na farko suka yi.